Nunin Gefe a Garuruwan Bakin Teku: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan daga ɓangare biyu suke yawan fitowa: masu son zuwa kallo, da masu zane da sassaƙa da ke son kafa nasu aikin. Yawancin misalan daga gaɓar Ingila suke, inda abin ya yi kaka-gida, kuma dokokin da aka ambata na can ne. Kowace ƙasa da nata tsarin.

Mene ne nunin gefe?

Nuni ne da masu fasaha ke shirya wa kansu a lokacin da ake babban biki a gari, ba tare da an gayyace su ko an zaɓe su ba. Babban bikin yana da kwamiti, da kuɗi, da wanda ke zaɓen ayyuka. Na gefe kuwa kowa ya samu wuri ya baje nasa: tsohon shago, falon gida, bukkar katako a bakin ruwa, ko rairayin kansa.

Asalin al'adar daga Edinburgh ne. A 1947, da aka buɗe bikin ƙasa da ƙasa na birnin, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo 8 da ba a gayyata ba suka zo suka yi nasu a gefe. Daga nan abin ya bazu, ya shiga harkar zane da sassaƙa. Yau akwai Brighton Fringe (fringe na nufin gefe), akwai Folkestone Fringe da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da babban nunin garin, kuma a Dakar ta Senegal nune-nunen da ake kira OFF suna rakiyar babban bikin fasaha na Dak'Art har zuwa garin Saint-Louis.

Me ya raba kafaffen aiki da zanen da ake ratayewa a bango?

Zanen bango ka sauke shi ka kai wani ɗaki, shi ne dai. Kafaffen aiki kuwa don wurin aka yi shi, idan ka raba su ya mutu ko ya zama wani abu dabam. A Folkestone, garin bakin teku a kudu maso gabashin Ingila, Mark Wallinger ya jera tsakuwa 19,240 a kan tudun da ke kallon teku a 2008, kowace da lambarta. Adadin sojojin Birtaniya ke nan da aka kashe a ranar farko ta yaƙin Somme, 1 ga Yulin 1916, kuma ta tashar wannan gari sojoji masu ɗimbin yawa suka tsallaka zuwa Faransa. Ka kai tsakuwar wani gari, lambobi ne kawai a ƙasa.

Wannan aikin na babban nuni ne, ba na gefe ba, amma ma'aunin ɗaya ne. Tambayar da ya kamata mai kallo ya yi wa kowane kafaffen aiki ita ce: me ya sa nan, ba wani wuri ba?

Me ya sa abin ya fi kama garuruwan bakin teku?

Talauci ne ya buɗe ƙofar. Garuruwa irin su Margate, Hastings da Folkestone da masu zuwa hutu suke ci. Daga shekarun 1960 zuwa 1970, jirgin sama ya yi araha, Turawan Ingila suka koma hutu a Sifen, otal-otal da gidajen wasa suka zama kango. Folkestone ta sha duka biyu: aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku a 1994, 'yan shekaru kaɗan bayan haka jiragen fito zuwa Faransa suka daina tashi daga tasharta. Aka bar manyan gine-gine babu kowa, haya kuma ta faɗi. Mai zane abin da yake nema ke nan: fili, haske, da haya mai sauƙi.

Sai manyan cibiyoyi suka biyo baya. A Folkestone, attajiri Roger De Haan ya zuba kuɗi a wata gidauniya da aka kafa a 2002, ta sayi gidajen tsohuwar unguwa ta gyara ta ba masu fasaha haya, aka kuma fara nunin Folkestone Triennial a 2008. A Margate aka buɗe gidan nuni na Turner Contemporary a 2011. Inda duk babban nuni ya jawo jama'a, 'yan gefe sukan kafa nasu a hanyar da jama'ar za su bi. Ko wannan ya amfani mutanen gari, duba tambayar da ke kusa da ƙarshe.

Yaushe ake yi, kuma ta yaya zan gano wuraren?

Galibi tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin da yanayi ke da dama. Brighton a watan Mayu take yi, kuma a ƙarshen kowane mako na watan masu zane kan buɗe gidajensu ga baƙi, al'adar da ta faro tun farkon shekarun 1980. Hastings tana da Coastal Currents wajen ƙarshen bazara. Folkestone Fringe ya fi armashi a shekarar babban nunin, wanda aka yi a 2008, 2011, 2014, 2017, 2021 da 2025.

Nemi taswirar takarda a ofishin 'yan yawon buɗe ido ko shagunan shayi, sannan ka duba shafin masu shiryawa a Instagram a safiyar ranar. Taswira tun makonni ake buga ta, kuma mai zanen da shi kaɗai ke tsaron nuninsa yana iya rufewa ya tafi wani aiki. Kada ka yi shirin ganin komai. Zaɓi unguwa ɗaya ka taka ta da ƙafa, ka shiga duk ƙofar da ka ga an manna wa alama.

Ana biyan kuɗin shiga? Ana taɓawa? Ana ɗaukar hoto?

Mafi yawa kyauta ne, sai dai gwangwanin gudummawa a bakin ƙofa. Taɓawa kuwa, abin da ke fili a bakin teku an san hannu zai kai gare shi, amma hawa kansa wani abu ne dabam. Abin da ke cikin ɗaki, ka tambaya. Hoto ma haka. Dokar Birtaniya ta 1988 ta halatta ɗaukar hoton sassaƙar da aka kafa dindindin a wurin jama'a, amma aikin mako biyu ba dindindin ba ne. A fili, ɗauka don kanka ba wanda zai hana ka. Idan za ka wallafa, sa sunan mai aikin. Idan sayarwa za ka yi, nemi izininsa.

Tun da ba a tacewa, shirme bai yi yawa ba?

Ya yi yawa, babu amfanin ɓoyewa. Za ka shiga ɗakin da aka rataye tsohuwar raga da robobin da teku ya watso, da doguwar takarda a bango tana bayanin gurɓatar muhalli, kuma ɗaki na gaba ma haka. Tarkacen teku ya zama abin da kowa ke fara kamawa.

Amma rashin tacewar shi ne dalilin zuwa. Mai zaɓen ayyuka na babban nuni yana da suna da zai kare, don haka yakan ɗauko wanda duniya ta riga ta sani. A gefe ne za ka tarar da tsohon masunci da ya shekara yana ƙera ƙananan jirage, ko ɗaliba da ta cika ɗakin ajiyar kaya da muryoyin tsoffin ma'aikatan tasha, kana jin su ta cikin bututu. Kuma mai aikin yana nan zaune a kujera, ka tambaye shi ya ba ka amsa. A ganina aiki ɗaya irin wannan ya biya wahalar tara da ba su yi ba.

Yaya cikar teku da janyewarsa ke shafar kallo da kafawa?

Wannan ita ce tambayar da baƙo ya fi rainawa. A yawancin gaɓar Ingila teku yana cika sau biyu tsakanin dare da rana, kusan awa 12 da minti 25 tsakanin cika da cika, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Aikin da ka gani a fili da ƙarfe 10 na safe yau, bayan mako guda a daidai wannan lokaci yana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa, janyewar ma haka. A Weston-super-Mare bambancin cika da janyewa yakan haura mita 10.

Wasu ayyukan da wannan suke wasa. A rairayin Crosby kusa da Liverpool, Antony Gormley ya kafa mutum-mutumin ƙarfe 100, kowane nauyinsa kilo 650, sun watsu kusan kilomita 3 suna fuskantar teku. Ruwa ya kawo ya kai wasu gwiwa, wasu wuya, wasu ya shanye su. Ya ja su sake fitowa da ƙananan halittun ruwa manne a jikinsu. A Folkestone a 2014, Michael Sailstorfer ya binne sandunan zinariya 30 da jimillar kuɗinsu ta kai fam 10,000 a rairayin tasha, aka ce wanda ya tono nasa ne. Jama'a suka yi ca da shebur, amma sai ruwa ya ja ake tono, ya dawo ya shafe ramukan.

Ga mai kallo: duba jadawalin ruwa kafin ka fita, kada ka bi aiki zuwa nesa cikin laka, kuma ka riƙa waiwaye, domin ruwa yakan zagayo ta kwari ya datse hanyar komawa. Idan wani ya maƙale, a kira 999 a nemi masu tsaron gaɓa.

Ni mai zane ne. Yaya zan shiga?

A inda tsarin buɗaɗɗe ne, matakan ba su da yawa: ka samo wuri da kanka, ka yi rajista kafin ranar rufewa, ka biya kuɗin shiga jerin sunaye, su kuma su sa ka a taswira da shafinsu. Iyakar abin da suke maka ke nan a mafi yawan lokuta. Wasu kuma sukan fitar da sanarwar neman ayyuka a kan wani jigo, su ɗan tace, su ba da wuri ko tallafi kaɗan. Karanta sharuɗɗan ka san wanne ne. Fara neman wuri aƙalla wata 6 kafin lokaci. Idan daga wata ƙasa za ka zo, bincika abin da bizarka ta halatta kafin ka sa farashi a kan aiki.

Ta yaya ake samun shagon da ba kowa a ciki?

Ta hanyar dillalin gidaje ko ƙaramar hukuma, ko ka bi sawun mai ginin kai tsaye. Ka je da hujjar da ta shafi aljihunsa. A Ingila shagon da ya zauna babu kowa ana ɗauke masa harajin kasuwanci na wata 3 ne kawai, daga nan mai shi zai ci gaba da biya. Wanda ya shiga shi ke ɗaukar harajin, kuma ƙungiyar agaji mai rajista tana samun rangwamen kashi 80 cikin 100. Ƙari a kan haka, shago mai fitila a kunne ya fi rufaffe tsira daga ɓarayi da masu fasa gilashi.

A rubuta yarjejeniya ko ta mako biyu ce: wa zai biya wuta da ruwa, ko an yarda a huda bango, ranar miƙa makulli. Ka shiga ka shaƙi iskar wurin tukuna. Tsoffin gine-ginen bakin teku danshi ne da su, takarda takan lanƙwashe cikin kwana kaɗan. Idan ginin yana cikin jerin na tarihi, ko ƙusa kada ka buga sai ka tambaya.

Izinin wa ake nema kafin a kafa aiki a rairayi?

Rairayi yana da mai shi, ko da ya yi kama da na kowa. Kusan rabin filin da ke tsakanin iyakar cika da iyakar janyewa a Birtaniya yana hannun Crown Estate, hukumar da ke kula da kadarorin masarauta. Sauran na ƙananan hukumomi ne, ko hukumar tasha, ko masu zaman kansu. Fara da ƙaramar hukuma, ita za ta nuna maka sauran. Idan za ka kafa abu ƙasa da iyakar cikar ruwa, mai yiwuwa sai da lasisin Marine Management Organisation, hukumar kula da harkokin teku ta Ingila. Idan wurin yana cikin yankunan da aka keɓe saboda tsuntsaye ko tsirrai, akwai wani izinin kuma. Ɗibar tsakuwa ko yashi ma, a gaɓoɓi da dama an hana ƙarƙashin dokar kare gaɓa ta 1949.

Takardu biyu ba makawa za a tambaye ka: inshorar da za ta biya idan aikinka ya ji wa wani ciwo, wadda hukumomi suka fi neman ta fam miliyan 5, da takardar da ta lissafa haɗurra da yadda za ka kauce musu. Kada ka ga kamar kai kaɗai aka matsa wa. Gormley ma da sunansa, a 2006 hukumar Sefton ta ƙi tsawaita zaman mutum-mutuminsa saboda tsoron mutane su maƙale a laka, sai a 2007 aka yarda su zauna dindindin.

Waɗanne kaya ne ke jure gishiri?

Kaɗan ne. Ƙarfen da ba a rufe ba, cikin kwanaki tsatsa za ta fito. Ko ƙarfen da ake ce ba ya tsatsa iri-iri ne: lamba 304 yakan yi ɗigo-ɗigon ja a iskar teku, lamba 316 shi ne na aikin ruwa. Ƙarfen Corten, wanda masu sassaƙa ke ƙauna saboda tsatsarsa ke kare shi, a bakin teku gishiri ba ya barin wannan rigar ta zauna, sai ya yi ta cinyewa. Tagulla tana daɗewa, shi ya sa ƙananan kayan jarirai da Tracey Emin ta zuba da tagulla ta watsa a Folkestone a 2008 suka zauna shekara da shekaru.

Kuskuren da ya fi yawa a noti da ƙusa yake. Ƙarfe iri biyu suka haɗu, ruwan gishiri ya jiƙa su, ɗaya zai ci ɗaya. Alminiyon da aka ɗaure da notin wani ƙarfe yakan ruɓe a daidai ramin. Sa roba tsakaninsu. Katakon fale-fale na gama-gari yakan kumbura ya ɓare, nemi na ƙera jirgi. Abin wuta kuwa, batir ko hasken rana ya fi jan waya a kan jiƙaƙƙen yashi kwanciyar hankali. Kyalkyali, balan-balan da farin soso mai marmashewa, a bar su a gida, domin cikin teku za su ƙare.

Iska da guguwa fa?

Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninki huɗu yake yi. Don haka allon da ya tsaya lafiya ranar kafawa yana iya tashi sama cikin dare. Rage faɗin fuska, huda ramukan da iska za ta bi, sa nauyi a ƙasa, kuma duk abin da ya fi mutum tsawo a nuna wa injiniya. Turaku a busasshen yashi ba sa riƙe komai.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Rawayar kabewar Yayoi Kusama ta zauna a bakin gadar tsibirin Naoshima na Japan tun 1994, kuma an saba ɗauke ta idan guguwa za ta zo. A watan Agustan 2021 ba a kai ga ɗaukewa ba, igiyar ruwa ta tsinke ta, ta yi ta buga ta da gadar har ta fashe. Sai a Oktoban 2022 aka kafa sabuwa. A Sydney ma, a 2016, igiyar ruwa ta lalata wasu ayyukan nunin sassaƙa na Sculpture by the Sea a rairayin Tamarama. Darasin ga ɗan gefe: ka san mutum nawa da minti nawa ake buƙata a kwashe aikinka, ka kuma riƙe lambobinsu. Haɗa wannan da amsar cikar teku da ke sama, domin guguwar da ta dace da babbar cika ita ce mai ɓarna.

Nawa ake kashewa, kuma ana samun riba?

Yawanci mai aikin ne ke biyan komai: rajista, haya, inshora, mota, buga takardu, da kwanakin da zai zauna gadi. Kafaffen aiki ba kasafai ake sayensa ba, wa zai kai ɗaki cike da bututu gidansa? Masu dabara sukan ajiye ƙananan zane, katuna da ɗan littafi a tebur, su ne ke mayar da kuɗin mota. Abin daɗin shi ne babu gidan nunin da zai yanki kusan rabin kuɗin.

Arts Council England, hukumar tallafa wa fasaha ta Ingila, tana ba da tallafin ayyuka daga fam 1,000 zuwa sama, amma masu nema sun fi kuɗin yawa, kuma amsa takan ɗauki makonni. Haɗa kai mutum huɗu ko biyar a shago ɗaya ya fi saurin rage nauyi, ga shi za ku riƙa karɓa-karɓar gadi. Idan za a sayar da barasa a daren buɗewa, sai an sanar da hukuma kwanakin aiki 10 kafin ranar, a biya fam 21, kuma taron kada ya kai mutum 500.

Idan aka yi aiki a bango ba izini, na wa ne?

Na mai bangon, a taƙaice. A 2014 Banksy, shahararren mai zanen bango, ya yi zane a bangon wani gidan wasa a Folkestone. Masu hayar ginin suka yanke bangon suka aika Amurka don sayarwa. A 2015 babbar kotu ta ce ɗan haya ba shi da wannan iko, aka dawo da zanen, aka sake kafa shi a garin a 2020. A Margate kuma, a Fabrairun 2023, wani aikin nasa ya haɗa da tsohuwar firiza da aka jingina da bango; cikin awoyi ma'aikatan hukuma suka ɗauke ta saboda haɗari. Wanda ba Banksy ba, fenti kawai za a shafe aikinsa da shi, wataƙila da tara a kai.

Mutanen gari suna amfana kuwa?

Wasu. Masu otal da abinci suna ganin bambanci. Da Banksy ya buɗe nuninsa mai suna Dismaland a wani tsohon wurin ninƙaya a Weston-super-Mare na mako 5 a 2015, mutum wajen 150,000 suka je. Amma araha ce ta kawo masu fasaha, kuma zuwansu ne ke kashe arahar. Jirgin ƙasa mai sauri ya mayar da Folkestone tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Landan tun 2009, masu kuɗi suka fara sayen gidan hutu, haya ta hau kan ɗan gari da mai zane gaba ɗaya. Richard Woods ya yi aiki a kan wannan a 2017: ƙananan gidaje 6 masu launi mai ɗaukar ido, ɗaya yana shawagi a tsakiyar tasha, a garin da wasu ba su da gida ko ɗaya.

A nan nunin gefe ya fi babba dama, idan ya so. Shi ne zai iya shiga unguwar da taswirar baƙi ba ta kai ba, ya buɗe a lokacin da ma'aikaci ya tashi daga aiki, ya rubuta bayani da harshen da maƙwabci zai gane. Da yawa ba sa yi.

Bayan an rufe, wa ke kwashewa?

Kai. Sa ranar kwashewa da kuɗin mota cikin lissafi tun farko, kamar yadda ka sa na kafawa. A rairayi, ƙirga kowane turke da noti da ka binne ka tabbatar adadin da ka tono ya yi daidai, domin wanda ya ɓace ƙafar yaro ce za ta same shi. A shago, cike ramuka, shafa fenti, ɗauki hoton mitar wuta, ka miƙa makulli a ranar da aka rubuta a yarjejeniyar da aka yi bayani a sama. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hotunan aikin da ruwa a cike da kuma a janye, da mutane a tsaye kusa da shi don a ga girmansa. Su za ka haɗa da takardar neman wuri ko tallafi a karo na gaba.